Man da Habila Ke Kaiwa Daji

Baba Ayuba Kirista ne, tsohon manomi a wani ƙauye kusa da Sheme. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka koma Funtuwa, babu mai leƙo shi sai Habila, ɗan ƙanensa, wanda kan tsayar da babur su taɓa hira.

Sai labari ya iske shi cewa Habila na kai wa 'yan bindiga fetur a daji. Ya san in ya yi magana, hirar ta ƙare ke nan. Duk da haka, da Habila ya zo, ya ce masa, "Ɗana, wannan zunubi ne. Man da kake kaiwa, da shi ake zuwa kashe mutane. Ka tuba."

Habila ya tashi ko sallama babu. Bai sake zuwa ba.

Maƙwabcin Baba Ayuba, Malam Nata'ala, ya ce, "Baba, da ka yi shiru mana."

"Da na yi shiru, kaina na so, ba shi ba," in ji tsohon. "Almasihu bai ƙyale ni cikin zunubina ba."

Ran Lahadi ya taka zuwa majami'a shi kaɗai, yana yi wa Habila addu'a a hanya.