Tumbin Gado

"Mama, shi ma Auta haihuwa zai yi?"

Aku ce ta jefo tambayar, tana tsugune a gaban ƙaninta tana ƙare wa cikinsa kallo. Shekararta biyar, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Uwarsu, wadda duk unguwa ke kira Tela, ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Kafin ta buɗe baki, surukarta ta riga ta daga kan tabarma.

"Ji 'yar nema! Tumbi ne. Tumbin gidan nan. Je ki dubi na ubanki, na kakanki kuwa sai da aka ƙara wa kujerarsa faɗi." Kaka ta jawo yaron ta shafa cikin. "Kyan ɗa ya gaji ubansa. Ko ba haka ba, maigidana?"

Maigidan nata, ɗan wata goma sha takwas, ya ture hannunta ya fara kukan nan nasa marar ƙarfi, mai kama da na kyanwar da ruwa ya doka.

A wurin Kaka babu abin da ke jikin Auta wanda ba gado ba ne. Da gashinsa ya fara yin ja yana kakkaryewa, ta ce na mahaifinta ne. Yawan ƙunci, na wata goggonsa ce da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ƙin cin abinci kuwa jan aji ne, kuma duk danginsu masu aji ne. Da kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi luhu-luhu har takalmi ya daina shiga, sai ta riƙa ɗaukarsa tana zagaya maƙwabta da shi a ga yadda ake kiwon yaro.

Kiwon kuwa ga shi: tun da aka yaye shi wata biyar da suka wuce, da safe burodi da ruwan shayi mai sukari, da rana farar shinkafa da ɗan mai, tsakani biskit. Biskit ɗin nan, a faɗi gaskiya, Tela ce da kanta ke miƙa masa. Duk sanda ya kama ƙafar keke yana kuka ga ɗinkin mutane a gabanta, sai ta toshe bakin da guda biyu. Yaro ya ƙoshi, gida ya yi shiru.

Ba wai babu ƙwai a gidan ba. Kullum ana soya biyu, su tafi faranti ɗaya, na Baban Aku, domin shi ne mai aikin wahala. Aikin nasa a wani ofis ne, inda yake zaune daga safe zuwa la'asar a ƙarƙashin fanka yana buga hatimi a takardu. Kaka ta ce hatimi yana cin jini. Tsokar nama da gutsuren kifi ma hanyar da suke bi ke nan.

Tambayar Aku ta ƙi barin kunnen Tela. Da ta gama rigar da ke hannunta, ta jawo ƙyallen da ta ajiye don yi wa Auta sabuwa, ta zaro tef daga wuyanta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, balle tef. Ciki ya ƙaru da inci biyu a kan awon baya. Ta auna damtse, ta sake aunawa. Ya ragu. Shekara tara tana ɗinki, ta yi wa masu ƙiba iri-iri kaya, ba ta taɓa ganin wanda ake buɗa wa ciki ana tsuke masa hannun riga ba.

Washegari da safe ta goya shi.

"Ina zuwa?" in ji Kaka.

"Asibiti, Inna."

"Da wannan lafiyayyen? Salon a sa masa ido! Tsaya in ɗauko mayafina, in ji da kunnena abin da za su ce."

Nas ɗin da ke awon yara doguwa ce mai gilashi, da alama ta ji kowane irin labari a duniya. Ta taɓa gashin Auta.

"Na mahaifina ne," in ji Kaka.

Ta duba cikin.

"Na ubansa ne."

Nas ta sunkuya. Ta kama ƙafafun yaron biyu, ta danna babban yatsa a bayan kowace, ta ƙirga uku a hankali, ta ɗage. Wurin bai taso ba. Ramuka biyu suka zauna, kamar an danna ɗanyen ƙulli.

"To, Baba," ta ce, tana kallon Kaka ta saman gilashi, "wannan ramin fa, wa ya gada?"

Kaka ta gyara mayafi. A karon farko dangi suka ƙare mata.

"Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ruwa ne ya taru. Tamowa ce, ciwon rashin abinci mai gina jiki, kuma mai tsanani, yau za mu kwantar da shi." Nas ta juyo ga Tela. "Me yake ci?"

Tela ta lissafa, muryarta na raguwa, har ta zo kan biskit.

"Amma wallahi yana ƙoshi, ban taɓa barinsa da yunwa ba."

"Na yarda. Me kike sana'a?"

"Ɗinki."

"Ƙarfin ƙafarki ne ke juya keke. In babu yadi da zare, ki wuni kina takawa, riga za ta fito? Shinkafa da sukari ƙarfin takawa ne. Yadin shi ne ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, madara. Ganye da 'ya'yan itace su ne zaren. Yaron nan yanzu ake ɗinka shi. Akwai ƙwai a gidanku?"

"Akwai. Na babansu ne."

"Shi babansu tsawo yake ƙarawa?"

"A'a."

"Sai faɗi ko?"

Wata mata a layi ta tuntsire da dariya. Tela ba ta yi ba, domin ta lura ramin ƙafar hagu bai gama cikewa ba har yanzu.

Kaka ta yunƙura. "In ƙwai ne, yanzu in je in dafo goma."

"Ki bar su tukuna. Jikinsa ba zai ɗauka ba yanzu, cutar da shi za ki yi. Da madara ta musamman za mu fara, kaɗan-kaɗan."

Kwana tara suka yi. Kumburin ya sace, kumatun suka zube, sai ga ainihin Auta ya fito, ɗan tsurut, fata na lilo a damtse. Kaka ta dafe ƙirji ta ce sun zuƙe mata miji. Amma a rana ta bakwai ya fizge kofi daga hannun uwarsa, ya kuma yi dariyar da Tela ta manta rabon da ta ji.

Safiyar farko a gida, Tela ta soya ƙwai biyu kamar kullum. Ta ajiye farantin Baban Aku a gabansa, ɗaya ne a ciki. Ɗayan ta raba wa yaran.

"Kaza ta yi yaji ne?" ya tambaya.

"A'a. Na ga hatimin ne bai fi ƙarfin ƙwai ɗaya ba."

Ya dubi mahaifiyarsa neman ceto. Kaka ta duƙufa tana neman wani abu a kofin shayinta. Aku kuwa ta matso, ta luma yatsa a tumbin ubanta, ta ƙirga uku da ƙarfi, ta cire. Wurin ya taso tsaf.

"Mama, na Baba na gaske ne!"

Ke mai karatu, in ɗanki ya yi ciki da kumatu alhali damtsensa na ramewa, kada ki tsaya neman wanda ya gada. Danna bayan ƙafafunsa biyu, ki ƙirga uku. In rami ya zauna, goya shi zuwa asibiti a ranar, ko da duk dangi sun jeru a ƙofa suna rantsuwa tumbin kakansa ne.