Wa Zai Riƙe Min Keken?

Tun da aka dawo da Inna sabon benen, ta daina salla. Ba ƙi ta yi ba. In Auta, ƙaramar 'yarta, ta ce, "Inna, azahar ta yi," sai ta ce, "To, bari a tashe ni," ta ci gaba da kallon taga.

Tagar gilashi ce da ba ta buɗuwa, kuma ba ta barin sauti ya shigo. Motoci na yawo a ƙasa shiru kamar kifaye. Inna kan bi gajimare da ido, ta ce wancan yadin zai yi rigar amarya, wancan kuwa an yanka shi a karkace.

Yaya, babban ɗanta, ya sayo agogon bango mai kiran salla. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Muryarsa da daɗi. Ɗan wane ne?"

Likita ya ce tsufa ne, hankalinta ke tafiya yana dawowa. Sai dai kullum rana ta yi ja, Inna kan fara hawaye. "Auta, yini ya ƙare, ba a tashe ni ba."

Wata rana Auta na ninke kaya, ta lura da ƙafafun Inna. Suna sama suna ƙasa a kan dandaɓe, a tare, hannayenta kuma na tura wani abu da ba a gani a kan cinyarta. Ɗinki take yi.

Sai tsohon shagon ɗinkin Inna ya dawo wa Auta a rai, da warin mansa da ƙyallayensa. Keken ɗinki ɗaya Inna ta mallaka tare da maƙwabciyarta, wadda yara ke kira Gwaggo Mai Waƙa saboda waƙoƙin coci ba sa barin bakinta. Inna ke taka keke, Gwaggo ke yanka. Inna in ta kama aiki ba ta ji ba ta gani, don haka Gwaggo ce ke duba inuwar ƙofa don gane lokacin salla, ta ƙwanƙwasa almakashi a tebur, ta karɓi keken har Inna ta idar. Da aka rushe layin don a yi babban titi, kowa ya nemi gida kusa da masu addininsa. Maƙwabcinsu mai sayar da maɓallai, wanda ke kunna turare gaban ɗan hoton abin bautarsa, ya yi gabas, Gwaggo ta yi hayin gada, zumunci ya koma gaisuwar waya, daga baya gaisuwar ma ta mutu.

Da Yaya ya dawo daga ofis, Auta ta gaya masa tana so a nemo Gwaggo.

"Ke Auta, ki ji kanki fa," in ji shi. "Wadda ba ta salla ce za ta tashi uwarmu salla? Maƙwabta su ji su ce me?"

"Waɗanne maƙwabta, Yaya? Na gefenmu ko sunansu ba ka sani ba. Kuma agogonka da ke salla, ya tashe ta?"

Washegari dai Auta ta tarar da makullin mota a kan tebur, ta je ta ɗauko Gwaggo.

Gwaggo ta shigo tana haki, tana zagin na'urar hawa bene. "Akwatin nan ya bar hanjina a ƙasa! Ina tsohuwar take?"

Inna ta juyo ta dube ta da ladabi. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ɗinki ne? Sai dai ki yi haƙuri, aiki ya yi mana yawa."

Murmushin Gwaggo ya tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙawarta, sannan ta ja kujera ta zauna gefenta.

"Ba komai," ta ce a hankali. "Zan jira."

Suka zauna, gajimare na wucewa. Haske ya sauko daga bango, ya rarrafo kan dandaɓe har ya taɓa ƙafafun da ke ta takawa. Yaya ya dawo da wuri, ya tsaya bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Agogon bango ya kira la'asar ya gama, Inna ba ta ɗago ba.

Gwaggo ta buɗe jakarta, ta zaro tsohon almakashi mai baƙin hannu, ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur.

"Ke sarkin son aiki, tashi! Ubangijinki na jira, kina nan kina lalata wa mutane yadi."

Ƙafafun Inna suka tsaya cak.

"Wa zai riƙe min keken?"

"Da wa ke riƙe miki? Matsa."

"Kar ki ja zaren da ƙarfi, na san hannunki," in ji Inna, tana dafa kujera. "Kuma ki rage waƙar nan, kina sa ni mantuwa."

"Muryata ta fi taki, baƙin ciki kike yi."

Inna ta miƙe. Auta ta kama ta zuwa wajen alwala, ruwa na zuba, bakin Inna na motsi da kalmomin da ba su ɓace ba. Da ta hau darduma, Gwaggo ta koma kujerar Inna, ta ɗora ƙafafu inda nata suka tashi, ta shiga taka dandaɓe tana waƙarta ƙasa-ƙasa. Auta ta rantse ta ji ƙarar keke a ɗakin, da warin mai.

Yaya ya cire takalminsa, ya zo ya durƙusa gefen kujerar.

"Gwaggo, ina yini."

"Sai yanzu ka gan ni, mai ƙaton kai? Ni na ɗinka maka wandon makaranta."

Ya sunkuyar da kai yana dariya. "Gobe in zo in ɗauke ki da safe?"

"Zo. Kullum ma ka zo, ban da safiyar Lahadi." Ba ta daina takawa ba. "Ranar nan ina coci, uwarka ce ke riƙe min keken."