Kabarin Da Ke Gicciye

Tun da muka sauka daga jirgin ruwa a Belfast ake ruwa. Ruwa ne mara tsawa mara walƙiya, yana ta zuba a hankali kamar kukan wanda ya daɗe da gajiya da kuka. Ja'afaru ne ke tuƙi. Ɗan kawuna ne, likita a Manchester, ni kuma ina karatun adabi a Birmingham. Tun da ya ɗauko ni a unguwarmu Selly Oak yake mita.

"An rage mana ma'aikata, kwana biyun nan da ƙyar na ƙwace su, kuma a kan takarda mai shekara saba'in za su ƙare. Ke dai littattafai sun lalata ki, Turai."

"Kai kuma shawarmar unguwar Rusholme ta lalata ka. Dubi tumbi, sitiyari ma ya rasa inda zai juya."

Ya yi dariya, amma ya saci kallon ambulan ɗin da ke kan cinyata.

Na kakarmu ne, Iya Hajo, wadda ke kwance a Zariya tun bayan azumi. Mahaifinta, Salihu, kuku ne a gidan wani Baturen mulki. A 1938 Baturen ya tafi da shi ƙasarsu, aka ce shekara ɗaya zai yi. Iya tana da shekara biyar. Wasiƙa ɗaya ta zo da rubutun ajami, da hatimin wani gida a bayan ambulan, daga nan shiru. Mutanen unguwa suka ce ya auri Baturiya, ya bar salla. Da wannan gorin Iya ta girma.

Ranar da zan taho karatu ta danƙa mini ambulan ɗin, ta ce, "Ban ce ki dawo mini da shi ba. Ki gano mini dai yadda aka kwantar da shi. Ba na so in je can in neme shi in rasa."

Shekara biyu na yi ina bin hatimin nan a laburare kafin na gano gidan. Ranar Litinin kuma Mama ta kira ta ce jikin Iya ya yi tsanani, in akwai abin da zan faɗa mata, in hanzarta.

Muka bar babban titi muka shiga ƙananan hanyoyi masu katangar duwatsu hagu da dama. Ko'ina kore shar, har ido ya gaji. Tumaki masu shuɗin fenti a baya sun tsaya cikin ruwan, ko motsi ba sa yi. Can da can sai mu wuce kangon gida, ba rufi, ba ƙofa, bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗaki. Na yi ta ƙoƙarin hango Salihu a kan wannan hanya, mutumin Zariya da 'yar jakarsa, yana jiran rana ta fito. Ja'afaru ya kashe rediyo ba tare da na ce masa komai ba.

Gidan yana ƙarshen wata doguwar hanya da bishiyoyi suka rufe samanta. Ƙato ne, ruwan toka, tagoginsa sun fi arba'in, rabi a toshe da katako. An manna takarda a ƙofa: za a rufe ƙarshen wata, ƙaramar hukuma ta janye tallafi. Mu kaɗai ne baƙi.

Wata tsohuwa ta buɗe mana, sanye da rigar ruwa. Ta ce sunanta Alice, ita ke zagayawa da baƙi. Har ta fara jero mana tarihin masu gidan da Turancinta mai kama da waƙa, na miƙa mata ambulan ɗin. Ba ta duba shi sosai ba. Sai ta tsaya kallon Ja'afaru, har ya fara sosa ƙeya.

"Tsayuwarsa ce," in ji ta a hankali. "Ku dangin Sam ne."

"Salihu," na ce.

"Salihu." Ta maimaita sau biyu. "Shekara goma sha shida na san shi, ban taɓa jin wannan sunan ba."

Uwarta ce mai wankin gidan, ita kuma a kicin ta tashi. Ta bi da mu ta wani dogon lungu a ƙarƙashin ƙasa, wanda aka gina don kada masu gida su riƙa ganin barori. Bango yana tsattsafo da ruwa, sanyi yana shiga har ƙashi. A ƙarshensa kicin yake, da wani ƙaton murhun ƙarfe da ya yi tsatsa.

Alice ta nuna wani saƙo a bayan murhun. "Nan yake durƙusawa, sau biyar kullum. Uwar gida ta hana, bai daina ba."

Na tsuguna na ɗora tafina a kan dutsen daɓen. Ko'ina a kicin ɗin jiƙe yake, amma nan a bushe. Da ɗumi kuma, irin ɗumin wurin da wani ya tashi yanzu.

"Ja'afaru, zo ka taɓa."

Ya taɓa, ya janye hannunsa da sauri. "Bututun ruwan zafi ne ya bi ta ƙasa," ya ce.

"An yanke mana komai tun bara," in ji Alice.

Ruwa yana ta ƙara a cikin bututun hayaƙi.

"Me ya hana shi komawa?" Ja'afaru ya tambaya, muryarsa ta canza.

Ta ce maigidan ya mutu a yaƙi, takardun Salihu kuma suna hannun matarsa. Kowace shekara sai ta ce masa baɗi. Duk kaka yakan fito da akwatinsa ya goge, ya ajiye a bakin ƙofar kicin, in sanyi ya shigo ya mayar. Haka har shekara ashirin da uku. Bai yi aure ba. Yakan auna tsawon Alice da hannu, ya ce 'yarsa ta kai haka yanzu. Har Alice ta girma bai daina aunawa a daidai ƙugunsa ba.

Na ciji mayafina don kada kukan ya fito.

Maƙabartar barori tana bayan gidan, a gefen tudu. Muka hau cikin taɓo, ruwa yana dukan fuskokinmu. Kaburbura ne a jere, layi-layi, duk sun miƙe hanya ɗaya. Ban buƙaci a nuna mini ba. Can ƙarshe akwai guda ɗaya a gicciye, ya yanke layin, an kewaye shi da ƙananan duwatsu, ba suna ba komai.

"Da kansa ya haƙa, bazarar da zai mutu," in ji Alice. "Mai lambu ya yi ta faɗa wai ya ɓata layi. Sam ya sa uwata ta rantse: a wanke shi, a naɗe shi a farin zanen gado, ba akwati, a kwantar da shi ta gefen dama, fuskarsa wajen fitowar rana. Mun ɗauka ruɗin tsufa ne. Amma ta cika masa, ni na riƙe mata bokitin."

Ja'afaru ya sunkuya ya cire takalmansa, ya tsaya da safa cikin taɓo. "Gabas," ya ce, kamar da kansa yake. "Gabas ɗin gida ya bi."

Na kira Zariya. Mama ta ɗauka, na ji ta tana cewa, "Iya, Turai ce, daga can." Sai numfashi, mai nauyi, mai nisa.

"Iya, mun same shi. Ga mu a kansa."

"Ina ya fuskanta?"

"Gabas, Iya. A kan damansa. Bai taɓa barin salla ba, kuma bai manta da ke ba, hana shi aka yi."

Sai Iya ta ce, "Ajiye wayar a ƙasa."

Na ƙara sautin, na durƙusa, na ɗora ta a kan ciyawa wajen kansa, na kare ta da tafukana saboda ruwa.

"Salamu alaikum, Baba," in ji Iya, da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. "Hajo ce. Ka daina jira, ni zan zo."