Mashi Ɗari Biyu, Soja Tara

Shekara talatin ina walda, ban taɓa zaton zan zauna ina haɗa gumi a kan maƙerar da ba ta ƙona hannu ba.

A cikin wasan kwamfuta maƙerar take, kwamfutar kuwa ta Dogo ce, babban ɗana. Wata bakwai ke nan da ya tafi aiki a jirgin ruwa, ya bar ta a teburin ɗakinsa rufe da zani. Ba mu rabu da daɗi ba. Ni na so ya gaji shagona, shi kuma ya ce ƙarfe ba hanyarsa ba ce. Na ce mutumin da ke wuni yana gina gari a cikin gilashi ko ƙyauren banɗaki ba zai iya haɗawa ba, kuma a gaban ma'aikatana na faɗa. Tun daga ranar uwarsa yake kira. Da ta miƙo mini wayar sai ya ce layi ba kyau.

Wata Asabar aka ɗauke wuta a layin shagonmu, na dawo gida da hantsi. Na tarar da uwar Dogo a ɗakinsa, ta yaye zanin, ta yi tagumi.

"Me kike yi a nan?"

"Baban Dogo, na yi ɓarna," ta ce.

Ashe duk Asabar takan kunna kwamfutar ta kalli garin nasa. Shekara uku tana ninke kaya a bayansa yana wasan, har ta san kansa. Ran nan hannunta ya taɓa wani wuri, lokaci ya soma tafiya, sai ga jan rubutu: abokan gaba za su iso bayan girbi. Ta tsayar da wasan, amma saƙon ya riga ya zo.

"Ya taɓa ce mini in suka tarar ba soja, ƙone garin za su yi ƙurmus. Kuma abin da ya faru ya faru, ba a komawa baya."

Na leƙa. Ga gidaje, ga gonaki, ga rijiya da garken tumaki. A tsakiyar garin kuwa, inda ya kamata a ce fada ce, maƙera yaron nan ya gina. Ya ajiye gangar ruwa a hagun ƙofa da ɗan benci a dama, daidai yadda suke a shagona. Wallahi kewarsa ta kama ni har sai da na zauna.

"Matsa," na ce. "Yaƙi ai ƙarfe ne."

Ita ta nuna mini hanya. Wasu su haƙo tama, wasu su ƙona gawayi, a narka, maƙeri ya buga mashi, kafinta ya yi garkuwa. Kai, nan fa na sami abin yi! Kwana goma, da na ci abincin rana sai ɗakin Dogo. Maƙera ɗaya ta yi mini kaɗan, na ƙara uku. Na kwaso manoma na zuba a ciki, na kwaso makiyaya, har mai gasa burodi bai tsira ba. Ni ba zan tura ɗan wani fagen fama ba kwalkwali a kansa ba.

"Ka bar wasu a waje mana," in ji ta.

"Ke kin taɓa riƙe guduma?"

Ta yi ƙwafa ta ci gaba da ninke kayanta.

Rana ta goma sha ɗaya aka buga ganga. Ga su can bisa tudu, mahaya sittin da baƙar tuta. Na danna wurin kiran mayaƙa ina murmushi, domin a rumbuna akwai mashi ɗari biyu, garkuwa ɗari biyu, kwalkwali kamar tukwane a kasuwa. Mutum tara suka fito. Tara! Suka tsaya a ƙofar gari kamar masu jiran mota. Sauran suna can ciki suna ta bugun ƙarfe abinsu.

Na tsayar da wasan. Wahalar yaron nan ta shekara uku, ni zan ƙone ta.

"Kira shi," ta ce.

"Ba zai ɗauka ba."

Ta ɗauki hoton gilashin kwamfutar ta aika masa. Ba a yi minti goma ba waya ta yi ƙara, kuma ba tata ba, tawa.

"Baba, wa ya taɓa mini gari?" Ko gaisuwa babu. Muryarsa ta yi kauri, iska tana kaɗawa a bayansa.

"Ni ne."

Sai na ji ya fashe da dariya. "Maƙera huɗu? Haba, Baba!"

"Ka ga makaman kuwa? Ba na wasa ba ne."

"Na gani. To wa zai riƙe? A wasan nan duk wanda ka ɗaure a maƙera ba ya amsa kiran yaƙi. Sai ka sallame su, ɗaya bayan ɗaya."

"In na sallame su, wa zai hura wutar?"

"Ta huce, Baba. Ba inda za ta je. In sun dawo sa hura."

Uwarsa ta sunkuyar da kai a kan kayan da ta riga ta ninke. Na ja linzamin kwamfutar ina sallamar mutanen, shi yana faɗa mini inda zan danna. Suka ajiye guduma, suka ruga rumbu, kowa ya fito da mashinsa. Mutum tamanin da huɗu.

"Yanzu in saki wasan?"

"A'a, don Allah! Ba ka iya jera su ba, kashe mini mutane za ka yi. Bar shi a tsaye. Saura wata biyu mu sauka, in na zo sai mu yi tare."

Na buɗe baki zan ce masa wani abu game da waccan ranar a shago, sai layin ya yanke. Wannan karon da gaske ne.

Kullum bayan abincin rana nakan yaye zanin in duba. Suna nan a ƙofar gari da masunsu a ɗage, mahayan suna bisa tudu, maƙerun huɗu ba hayaƙi. Ba na taɓa komai. Saura kwana arba'in da ɗaya.