Hoton 'Yar Maƙwabciya

Ciwon 'yar mai gyaran keke ba ya fitowa a hoto. Likita ya ce rami ne a zuciya, sai an yi mata aiki. Masu taimako kuwa ba sa taka ƙauye. Hoto ake aika musu, su zaɓi yaron da za su biya wa.

"Baba, waɗannan kumatun ba za su sa kowa hawaye ba," in ji mai ɗaukar hoto. "Ka ce ta daina dariya mana."

Ta ƙi dainawa.

A bayan katangarsu akwai 'yar maƙwabciya, sa'arta, wadda ta rame har wuyanta ba ya riƙe kai. Mai gyaran keken ya ce wa uwar zai fitar da ita ta sha iska. Ya zaunar da ita kan bencin shagonsa, aka ɗauka, aka aika da sunan 'yarsa. Kada wani ya ce talauci ne ya rufe masa ido, yana sane sarai. Kafin amsa ta zo an binne 'yar maƙwabciyar, har da shi a masu tura ƙasa.

Motar asibiti ta iso da rana tsaka, unguwa tsit, ko kaza ba ta motsi. Ma'aikaciyar jinya ta fito riƙe da hoton, an ƙara masa girma. Duk inda mai gyaran keken ya matsa, idanun cikin hoton na kansa.

"Ina wannan yarinyar? An biya mata."

Ya turo 'yarsa gaba, tana haki, leɓunanta sun yi shuɗi. Ma'aikaciyar ta dubi hoto, ta dubi fuska.

"Malam, ai ba ita ba ce."

Sai ga maƙwabciya a bayansu, ba wanda ya ji takunta. Ta karɓi hoton, ta daɗe tana shafa shi da yatsa.

"Ita ce," ta ce. "Ƙiba ta yi. Ni na haife ta, zan kasa gane ta ne?"

Ta kama hannun yarinyar suka nufi mota. Ya buɗe baki, ya tuna in ya ce uffan motar za ta koma babu kowa. Ya rufe.

Aiki ya yi kyau, yarinya ta dawo har tana guje-guje. Amma kullum da hantsi matar na tsaye a bakin shagon, tana kiranta da sunan wadda ke kabari. Yarinyar na amsawa. Shi kuwa sai ya duƙufa kan tayar da yake liƙewa.