Tarwaɗar da Ta Ƙi Cin Dodon Koɗi

"Talatin da tara, arba'in." Auta ta jefa na ƙarshe cikin bahon, ta dafe kai. Ƙirga na uku ke nan, dodon koɗi arba'in cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ita kuwa tarwaɗar da aka sa ta cinye su tana kwance a ƙasan ruwa, ta yi ɓulɓul, sai kaɗa gashin baki take. Ta ɗaya bahon ma haka.

Sati biyar ke nan da Auta ta jera bahuna huɗu a tsakar gida don binciken kammala digirinta. Wani baƙon dodon koɗi ne ya shigo gonakin shinkafa yana aske shuka tun tana jaririya, ita kuma tana son ta ga ko tarwaɗa za ta rage shi. Ta ɗiga wa matan dodon koɗin jan farce a bayan ƙoƙo don ta riƙa gane su. Baho biyu mata sun fi yawa, biyu kuma rabi da rabi, ta saka tarwaɗa a ɗaya daga kowane kashi. Ranar Litinin malaminta ke jiran sakamako. In babu, sai baɗi.

Tana shirin miƙewa ta hango wani abu fari yana yawo a gefen bahon. Ta tsamo, ta murza. Burodi.

"Inna!"

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wannan kira haka, gobara ce?"

"Wa ke ba kifin nan burodi?"

"Ni. Da azahar, in kin tafi makaranta. Wani lokacin har da ɗan dusa."

"Inna, kin kashe ni! Yunwa ake so ta ji, ta ci dodon koɗin!"

"Wannan abin mai yauƙi? Ke in aka ba ki za ki ci? Baiwar Allah tana buɗe min baki duk sanda na wuce, in kau da kai? A gidana?"

"Gwaji ne fa, Inna, gwaji!"

"To ki gwada a kan wanda ya ƙoshi mana."

Auta ta zauna daɓas a kan siminti. Ta tuna kuɗin mota zuwa fadama, da ƙaiƙayin da ƙafafunta suka yi sati guda, da rahoton da ta rubuta wa malam cewa wataƙila kifin bai saba da baho ba ne. Bai saba ba! Ashe hakimi aka naɗa.

Inna ta matso, ta leƙa bahon tana taɓe baki. "Ni ban ga abin kuka ba. Ai ko ba ta ci su ba, ta hana su sakat. Dubi masu jan farcen nan, kullum a lafe. Na wancan bahon da babu kifi kuwa, har bango suke hawa suna manna min ƙwai, ruwan hoda, kamar an watsa alawa. Waɗannan fa? Sai a kwana uku ban ga sabo ba."

Auta ta ɗago. Ta jawo littafinta da jiƙaƙƙen hannu, ta buɗe shafin ƙwai, wanda take cikewa kullum ba ta ko dubawa, don hankalinta na kan waɗanda za a cinye. Baho mai yawan mata, babu kifi: curi talatin da ɗaya. Ɗan'uwansa mai kifi: tara. Ta duba sauran biyun. Nan ma da tazara, sai dai ba ta kai wannan ba.

Ta daɗe tana kallon shafin. Haushin bai tafi ba, wuri kawai ya matsa.

"Inna, wace rana kika fara ba ta?"

"Yanzu kuma ni ce abin tambaya?"

"Don Allah. Da ranar, da yawan burodin. Yanka nawa?"

Inna ta juya ludayin a hannu, ta dubi tukunyarta, ta dubi 'yarta.

"Ɗauko min kujera," ta ce. "Kuma ki rubuta da kyau. Ran Laraba biyu ban ba ta ba, na je asibiti."