Allura Bakwai

"'Yata, ko za a zura min zaren nan?"

Ko takalmin aiki ban cire ba Goggo ta ƙwanƙwasa. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a ɗakin da ke kallon nawa. Kullum ƙarfe biyar sai ga ta da allura, wai idonta ya daina ganin kafar. Aikin minti ɗaya ne, amma Goggo sai ta miƙe ƙafa a bakin gadona, ta ɗauko labarin gwiwarta, ta haɗa da na marigayi mijinta, har shida ta buga.

Ni kuwa a tsaye nake wuni a kantin magani. Na tsara lokacina, har na rubuta na manna a jikin firji: biyar hutu, shida girki, bakwai kallo. Goggo ce ke cinye min hutun, kuma gaskiya abin yana ci min rai.

Ran Lahadi dabara ta faɗo min. Na sayo allura bakwai, na zura wa kowacce zare, na soke su a jikin soso.

"Ga na sati guda, Goggo. Kin huta da zirga-zirga."

Ta jima tana jujjuya soson. "Oh, 'yan boko da dabara!" Ta yi 'yar dariya. "Allah ya yi albarka. A huta gajiya."

Litinin na sha barcina. Talata har na ba abokiyar aikina labari, ina ta cika baki. Laraba na ga ƙofarta a rufe, na ce in na gama kallo zan leƙa. Ban leƙa ba.

Alhamis ɗanta ya iso hankali a tashe, ya gaji da kiran wayar da ba a ɗauka. Da aka ɓalle ƙofar, a ƙasa aka same ta, zazzaɓi ya kayar da ita tun Talata. Washegari da hantsi ta cika a asibiti.

"Ni ban taɓa damuwa ba," in ji ɗan, yana share ido. "Cewa take yi, 'Duk ranar da ban je ba, 'yata za ta neme ni.' Mun gode, Yaya."

Kunya ta rufe ni. Har yau ban gaya masa gaskiya ba.

Ni na taya shi kwashe kayan ɗakin. A bakin taga na tarar da soson, allurai bakwai cif a tsaye, ko ɗaya ba a taɓa ba, iska tana kaɗa zarensu.